Rasuwar Gocho, Mai Gadin Masarar Kaka Nedyalka

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, Kaka Nedyalka, matar marigayi Petko mai injin niƙa, ta gidan ƙarshe kafin daji a ƙauyen Sinya Bara, tana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, har da masu zuwa makoki don abinci kawai, rasuwar mai gadin gonarta, Gocho, wanda mutanen birni ke kira makiyayin lantarki. Ya cika ranar Talata da hantsi, a rataye a jikin turkensa, yana bakin aiki, bayan gajeriyar jinya da kuma magani wanda babu wanda ya nema. Kaka ce ta faɗi wannan sanarwa da bakinta, Malam Lyuben ya rubuta, kuma an ja masa kunne kada ya gyara mata magana, tunda ba jarrabawa take ba.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba sai ta cizonsa: ɗan akwati ne kore, bai kai burodi biyu girma ba. Waya ɗaya ta fita daga jikinsa ta zagaye gona, ɗaya ta sauka zuwa wani ƙarfe da aka kafa cikin ƙasa, biyu kuma suna zuwa ga batir, inda yake cin abincinsa. Sunan ƙanin mijinta Kaka ta sa masa, don shi ma wancan Gochon ba ya gaisuwa, ba ya barin inda aka ajiye shi, kuma duk wanda ya taɓa shi sai ya yi da-na-sani.

Marigayin ya shigo gidan ne shekarar da aka binne Petko. Da can Petko ne ke kwana a bukkar bakin gona da garwa da sanda, yana korar aladun daji. Da ya tafi, aladun ba su ko jira arba'in ba, suka shiga masara suka yi biki. Ɗan Kaka tilo, Zdravko, wanda ke zaune a bene hawa na tara a birnin Plovdiv, ya zo ya dubi gonar ya girgiza kai.

"Mama, haɗa kayanki. Akwai ɗaki, akwai ruwan zafi, likita na ƙasan bene."

"Akwai ƙasa?"

"Akwai baranda. Veska ma na shuka barkono a kasko."

"To in na mutu ku dasa ni a kaskon, kusa da barkonon matarka. Kafin nan ina nan."

Aka yi ta ja har gaban limamin coci, Uba Serafim, inda aka tsayar da magana: muddin masarar Kaka na shiga rumbu kowace shekara, babu mai taɓa ta. Shekarar da aladu suka riga ta, ta hau mota ba gardama. Malam Lyuben, wanda ya koyar da kimiyya a makarantar ƙauyen har yara suka ƙare aka sa mata kwaɗo, shi ya kawo zancen wannan akwati. Zdravko ya saya don kunyar liman, yana ganin abin ba zai wuce damina biyu ba. Ga shi damina ta yi ta zuwa tana wucewa, ɗakin da ke hawa na tara har yanzu keken motsa jikin Veska ne ke kwana a ciki.

Gocho mai wadatar zuci ne. Bolt goma sha biyu yake ci, bai taɓa neman ƙari ba. Bai taɓa zuwa shago ya zauna gulma ba, bai taɓa cewa bayansa na ciwo ba. Maganarsa a duniya ɗaya ce: tak... tak... tak. Da ita yake gaisuwa, da ita yake faɗa, da ita Kaka ke sanin lafiya lau in ta buɗe taga.

Da fari dai Kaka ba ta yarda da shi ba. Ta ji an ce yana cin sha biyu yana cizo da dubu takwas, sai ta tare Malam a bakin shinge.

"Malam, wanda ya ci kaɗan ya fitar da yawa haka, ko maye ne ko yana sata. Wanne ne a ciki?"

"Babu ko ɗaya, Kaka. Kin tuna ruwan da ke juya injin Petko? Me ya sa aka gina kwatar can sama?"

"Don ya faɗo da ƙarfi mana. Ruwan da ke kwance ai wanki kawai yake yi."

"To bolt tsayi ne. A cikin waya akwai 'yan caji, ki ɗauke su kamar ruwa. Kafin kowane ɗaya ya hau sama, sai an yi aikin ɗaga shi. Yawan aikin da aka yi a kan kowane ɗaya shi ake kira bolt. Batir na ɗaga su mataki sha biyu. Gocho sai ya tattara ƙarfin masu yawa, ya ɗauki 'yan kaɗan ya kai su mataki dubu takwas. In suka faɗo, duk wahalar da aka sha a kansu sai su sauke ta a jikin wanda suka bi ta cikinsa."

"Ba ya ƙara komai daga aljihunsa?"

"Ko ɗaya. Abin da ya ci yake fitarwa, har ma da ɗan ragi."

"Ashe tulu guda yake karɓa a gindin dutse, ya jefo cokali ɗaya daga ƙololuwa."

"Shi ya sa yake gigita alade amma ba ya kashe shi."

Daga ranar Kaka ta riƙe shi amana. Ta ce ta zauna da mutane da yawa a duniya, wannan ne na farko da abin da ya shiga hannunsa da abin da ya fita suka yi daidai.

Sau ɗaya suka taɓa samun saɓani, ranar da ta tarar da tsuntsaye jere a kan wayar suna gyaran gashi, shi kuma yana ta tak, tak, kamar bai gan su ba. Ta ce an ba shi cin hanci. Malam ya rantse mata ba haka ba ne: ƙafafun tsuntsu duka biyu a mataki ɗaya suke, babu gangare tsakaninsu, to ina abin zai faɗa? Alade kuwa hancinsa na ƙololuwar dutse, ƙafafunsa na cikin kwari, dole a bi ta cikinsa. Ya kuma ce mata abin da ya faɗo sai ya koma gida ta cikin ƙasa, ta wannan ƙarfen da aka kafa, kuma busasshiyar ƙasa hanya ce mai wuyar bi. Tun daga nan kullum da yamma Kaka na kai wa ƙarfen bokitin ruwa. Matan ƙauye suka yi ta cewa Nedyalka ta tsufa, tana ba ƙarfe ruwa tana jira ya yi ganye. Kaka ta san su ɗaya bayan ɗaya, ta kuma san wacce a cikinsu ta zo daga baya roƙon garin masara.

Marigayin bai san babba ba bai san yaro ba. Uba Serafim da kansa, ranar da ya zo sa masa albarka, ya tsoma ganye a ruwan tsarki ya miƙa hannu, jiƙaƙƙen ganyen ya goga waya. Kalmar da ta fito daga bakin liman ba ta cikin littafi. Waɗanda ke wurin sun yi alkawarin ba za su maimaita ba, kuma kowa a ƙauyen ya san ta.

Haka nan maƙwabcin Kaka, Tanyo mai tsohuwar babbar mota. Ya gano cewa in yana sanye da takalmin roba mai kauri, cizon ba ya wuce cakulkuli, sai ya riƙa kawo baƙi yana kama waya yana cewa shi jininsa ya fi wuta zafi. Rannan yana riƙe da wayar, akuyarsa ta zo wucewa, ya cafke ƙahonta da ɗaya hannun. Akuyar ba ta sa takalmi ba. Su biyun suka yi ƙara ɗaya, kuma har yau in ta hango shi sai ta sauya hanya.

Duk da zafinsa, mai taimako ne, kuma Kaka ba ta rubutu amma ba ta mantuwa. Lokacin sanyin da kyarkeci ya addabi tumakin gwauruwa Stoyna, wa ya je ya zauna a garkenta har dusar ƙanƙara ta narke? Gocho. Aka dawo da shi da kashin kaji a ka, ba ko na gode. Da matar dagaci ta so tsare lambun kabejinta, wa aka ɗauka? An ce kwana biyu, ya yi wata. 'Yan gidan Dimo kuwa gonarsu na bayan ta Kaka, shekara da shekaru suna cin inuwar wayarsa, don alade ba ya isa gare su sai ya ratsa ta nan, amma ko sau ɗaya babu wanda ya ce a kawo batir ya yi masa caji. Kaka na lura da duk wannan. Ajiyewa ta yi.

Ciwon ajalinsa ya fara ne a hankali. Bana ruwa ya yi yawa, ciyawar gefen rafi ta yi tsawo, bayan Kaka kuma ya hana ta riƙe lauje. Wata safiya ta je gwada shi yadda ta saba, ta tsinko ɗanyen ganye ta ɗora bakinsa a waya. Da can sai ta ji har gwiwar hannu. Ranar ba ta ji komai ba sai ɗan motsi kamar tururuwa. Yana dai cewa tak, tak, amma babu haƙori a ciki. Malam kuma ya tafi gari a yi masa nasa haƙoran. Sai ga Tanyo ya leƙo ta kan shinge.

"Gwaggo, me ya sami mutumin?"

"Ba ya cizo."

"Yunwa ce! Dube shi fa, shekara nawa yana kan kwano ɗaya? Ko jaki ne ai ya rame."

Kowa ya san a ƙauyen nan ba a tambayar majinyaci me ke damunsa, abinci ake ɗura masa har ya warke ko ya gudu. Tanyo ya tafi ya ciro batir biyu daga motarsa, ya turo su a baro, ya haɗa kan wannan da gindin wancan.

"Sha biyu da sha biyu, ashirin da huɗu ke nan. Yau zai san ya ci abinci."

"Kai Tanyo, ba ya son ƙari."

"Haba Gwaggo, wane baƙo ne ba ya cewa ya ƙoshi? Ke kin taɓa barin wani ya tashi a gidanki da kwano ɗaya?"

Kaka na so a rubuta cewa ba ta ce e ba. Sai dai ba ta hana ba, don maganar ta taɓa mutuncin gidanta. Tanyo ya maƙala waya. Marigayin ya ce tak-tak-tak-tak da sauri, yadda bai taɓa yi ba, kamar mai son faɗin wani abu kafin lokaci ya ƙure. Sai ya ce fiiii. Wani siririn hayaƙi ya fito ta ƙasansa, wari kamar an manta barkono a kan garwashi. Kalamansa na ƙarshe ke nan.

Da Malam ya dawo da sababbin haƙora, ya buɗe cikin marigayin ya duba, ya zagaya gona, ya dawo ya cire hula.

"Lafiyarsa lau, Kaka. Ciyawa ce ta kwanta a kan waya tana zuƙe ƙarfin tana zubarwa ƙasa. Lauje kawai yake buƙata."

"To abincin fa?" in ji Tanyo. "Ai da kyakkyawar niyya na ba shi."

"Ba yawa ka ƙara masa ba kaɗai, tsayi ka ninka. Kowane caji ya faɗo masa da ninkin ƙarfi, cikinsa kuwa don mataki sha biyu aka yi shi. Kamar ka tsaya a kan rufi ne ka jefo wa majinyaci tukunyar miya."

Tanyo ya ce shi dai a gidansu ba a taɓa jin ƙari ya kashe kowa ba. Kaka ta ce yanzu an ji.

Gocho ya rasu ya bar tsohuwar abokiyar zamansa, batir, wadda har yanzu da sauran ƙarfinta amma ba ta da wanda za ta ciyar. Ya bar waya mai tsawo da turaku masu yawa, suna tsaye ba su san an yi rashi ba. Ya bar ƙarfen ƙasa, wanda Kaka ta kai wa ruwa jiya ma don hannu ya saba. Ya bar masara tsaye, ta yi goyo ta cika, irin da ba a gani ba tun zamanin Petko, sai dai da sauran makonni kafin ta bushe a karye ta. Ya kuma bar maƙiya a cikin daji. Su ba su ji labari ba tukuna, don haka ana roƙon kada a manna wannan takarda a bishiyoyin da ke fuskantar can. Amma ba za su daɗe a duhu ba. Akwai wata tsohuwar alade mai yagaggen kunne, sa'ar Kaka a wayo, wadda lokaci-lokaci takan turo ɗaya daga cikin 'ya'yanta ya taɓa waya, ita tana baya tana sauraro. Ranar da ɗan bai yi ihu ba, magana ta ƙare.

An sanar da Zdravko ta waya. Ya amsa da muryar mai ɓoye murmushi.

"Mama, ai wannan alama ce."

"Alamar Tanyo wawa ne. Sabo za a saya."

"Na tambaya a gari, sun ce ya ƙare sai bayan girbi. Amma a nan Plovdiv akwai su iri-iri. Ki zo ki zaɓa da kanki, ki ɗan huta kwana biyu. Veska har ta fitar da keken daga ɗaki."

"Ka ce ta mayar. An yi mini rasuwa, ina zaman makoki. Wa ka taɓa gani ya bar gawa a gida ya tafi yawon buɗe ido?"

"Mama, akwati ne fa!"

"Kai ma da aka kawo mini kai, abin da kake yi bai fi nasa ba: ci da ƙara. Na riƙe ka."

Ga yadda aka tsara jana'iza.

An shimfiɗe marigayin a kan farin ƙyalle a bukkar bakin gona, ta gefen daji, inda ya yi rayuwarsa. Kowa ya san al'ada: ba a barin mamaci shi kaɗai ko na ɗan lokaci, dare da rana, kuma ba a barin fitila ta mutu a kansa, kada kyanwa ta tsallake shi ya tashi. Malam ya ce a wannan karon a bar ta ta tsallaka, ko za a dace. An gwada. Kyanwar ta hau kansa ta yi barci. Don haka za a bi al'ada yadda iyaye suka bari.

Uba Serafim ya ce ba a yi wa akwati addu'ar mamaci. Kaka ta ce ba ta nemi addu'a ba, zama ta nema, kuma liman na da murya. Ya amince zai zo ranar Alhamis a matsayin maƙwabci.

Wasu sun tambaya ko ba kwana ɗaya zuwa uku ake yi ba a binne. Wannan don mutane ne, saboda ba sa ajiyuwa. Gocho warinsa ya riga ya fita tun ranar Talata, babu gaggawa. Kuma an zaɓa masa kabari a tsakiyar gonar da ya tsare, don nan ya dace da shi. Kowa ya ga gonar ya san babu hanyar da za a bi da makara zuwa tsakiya sai an karye masara an kwashe ta zuwa rumbu. Saboda haka za a ci gaba da zaman gawa har ranar. Wanda ke ganin zaman ya yi tsawo, in masara ta bushe ya zo da kwando, a yi a gama.

Tanyo zai fara zama, kuma ba zai tashi ba sai an rufe kabari. Ya zo da laujensa, ciyawar gefen rafi na jiransa da rana. 'Ya'yan Stoyna su biyo baya, sai gidan dagaci, har da dagacin, ba matar kaɗai ba. 'Yan gidan Dimo, tunda suna da yawa, za a raba su kusurwa-kusurwa, kowa da fitilarsa. Matan da suka yi dariyar bokiti su zo da murafun tukwane, za a nuna musu amfaninsu. Zdravko ne ya sayo marigayin, shi ne uba gare shi, shi zai ɗauki gaban makara, kuma ba a wakilta uba. Ya nemi hutu a wurin aiki tun yanzu, ya zo da tsofaffin kaya.

Akwai dafaffiyar alkama da zuma don ran mamaci, akwai miyar wake, akwai banitsa, gurasar nan mai cuku a ciki. Barasa kuma Kaka ce za ta zuba da hannunta, daidai yadda mutum zai yi baƙin ciki ba tare da ya yi barci ba. Ba a karɓar ta'aziyya ta waya. Ba a karɓar furanni.

Allah ya ba mu haƙurin rashinsa. Ana roƙon duk wanda ya zo ya yi kukansa da ƙarfi, kuma ya fuskanci daji.